Harbin gasa daga mita 300: wasan da lissafi ya fi bindiga aiki

A Kwatarkwashi, ko Tsafe, ko ƙauyukan Bungudu, idan aka ji ƙarar bindiga da dare babu wanda zai ce wasa ake yi. Uwa ta shiga ƙirga 'ya'yanta, maigida ya kasa kunne ya ji ta wane ɓangare ƙarar ta fito. Da yawa daga cikinku kun yi zaman gida na makonni saboda an rufe makarantu, kuma ba ku manta da watan Fabrairun 2021 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. Don haka duk wanda zai kawo wa ɗaliban Zamfara zancen “wasan harbi”, sai ya fara faɗin dalilinsa.

Ga dalilin. Akwai wata gasa a duniya da ake yi da bindiga mai ƙaramin harsashi, ana neman a sami farantin ƙarfe da bai wuce faifai ba daga nisan mita 200 ko 300. Abin da ke ba sabon shiga mamaki a ranarsa ta farko shi ne bindigar ce ƙaramar magana a cikin sha'anin. Babban aikin na kai ne: awo, lissafi, karanta iska da haƙuri. Lissafin kuwa ba baƙo ba ne gare ku. Shi ne darasin tafiyar abin da aka jefa, wanda malamin Fiziks ke zana wa 'yan SS2 a allo, wasu na hamma.

Ɗan harsashin da bai kai dunƙulen Maggi ba

Harsashin da ake wannan gasa da shi sunansa .22 Long Rifle. Kaurinsa kamar milimita 5.6 ne, wato bai kai fensir ɗinku kauri ba, nauyin dalmar da ke fita kuwa giram 2.6, bai ma kai dunƙulen Maggi ɗaya ba. Kamfanin Stevens na Amurka ne ya fito da shi a 1887, kuma har yau yana cikin harsasan da aka fi ƙerawa a duniya.

Irinsa ake kira rimfaya, ma'ana mai kama wuta ta gefe. Kowane harsashi yana da kwanso na tagulla cike da albarushi, kuma albarushin ba ya tashi sai an sami abin da zai kunna shi, wani sinadari mai kama da na kan ashana. A manyan harsasai sinadarin yana cikin wata 'yar hula a tsakiyar gindin kwanson. A rimfaya kuwa an zuba shi ne a cikin leɓen gindin, zagaye, sai allurar bindiga ta daki leɓen wuta ta tashi. Wani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara wannan dabara a 1845. Tun da dole leɓen ya zama mai taushi yadda za a iya lotsa shi, kwanson ba ya jure matsi mai yawa. Shi ya sa rimfaya ya tsaya a ƙananan harsasai masu sauƙin kuɗi, marasa ƙara sosai, waɗanda ba sa tura kafaɗa.

Kada ƙanƙantar ta ruɗe ku. A jikin kwalinsa masu ƙera shi suna rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan da ya haura kilomita 2. Yana kisa. Wannan ya ishe mu fahimtar wautar masu harbi sama a wajen biki ko murnar zaɓe: abin da ya tashi sai ya sauko, kuma ba ya tambayar kan wa zai sauka.

Ranar farko

A ce kai ne sabon shiga, an kai ka filin gasar a Amurka, inda wata ƙungiya mai suna NRL22 ta fara shirya ta wata-wata tun 2017, ko a Afirka ta Kudu, ko Italiya inda aka yi gasar duniya ta farko a 2023. Kana zaton za a miƙa maka bindiga ka fara. Ina! Abin da za a fara yi shi ne a tara kowa, tsohon hannu da sabo, a karanta musu dokokin tsaro. Bindiga ba ta yawo da harsashi a ciki. Makullinta a buɗe yake koyaushe, an cusa wata 'yar tuta mai launi a ramin harsashin don kowa ya gani daga nesa cewa babu komai ciki. Bakinta ba ya kallon mutum ko da wasa. Yatsa ba ya kusantar kunama sai ido na kan abin bara. Wanda ya juya bakin bindiga wajen mutane, ko ta tashi a hannunsa ba da niyya ba, an sallame shi daga gasar ranar, ko shi ne zakaran bara. Yara da ke cikin rukunin matasa kuwa ba sa taɓa ta sai da babba tsaye a kansu.

Wannan kaɗai ya nuna muku tazarar da ke tsakanin ɗan wasa da wanda ke rataya bindiga yana ɗaukar bidiyo don a ji tsoronsa. A filin gasa, nuna isa da bindiga shi ne hanya mafi sauri ta komawa gida.

Gasar kanta an kasa ta zango-zango. A kowane zango ana ba ka harsashi kamar goma da lokaci kamar minti biyu, wani sa'in ƙasa da haka. Farantan ƙarfe na rataye a nisa daban-daban, wani a mita 50, wani 90, a manyan gasanni har 300 da ɗoriya. Ba kuma a kwance kawai za ka yi harbin cikin jin daɗi ba. Za a ce ka ɗora bindigar a kan matakalar tsani, ka yi biyu, ka sauka mataki na ƙasa ka yi biyu, ka koma kan taya ko ganga ko bokiti. Alƙali na bayanka da madubin hangen nesa. In ka samu ya yi kira, in ka kuskure ya yi shiru. Wannan shirun ne sabon shiga ya fi ji a ranar farko.

Akwai wani zango da ya fi burge ni. Ana jera ƙananan farantai daga mai faɗin santimita 5, suna raguwa, har zuwa na ƙarshe da bai wuce milimita 6 ba. A ƙa'idarsa ta asali, kana farawa daga babba, kowane ka samu maki na ƙaruwa, kuma kana da damar tsayawa duk inda ka ga dama ka tafi da makinka. Amma in ka zarce ka kuskure, duk abin da ka tara ya zube. Sunan zangon ma “san iyakarka”. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, ga shi an mayar da shi dokar wasa.

Ƙasa ba ta yafe wa kowa

Yanzu mu zo kan abin da ke sa sabon shiga kuskure. Yawancin mutane suna zaton harsashi miƙewa yake yi sak kamar hasken tocila. Ba haka ba ne. Daga lokacin da ya bar bakin bindiga ya fara faɗuwa, daidai da yadda dutse zai faɗo in ka sake shi daga hannunka. Gudunsa na gaba bai hana ƙasa janyo shi ba ko kaɗan. Wannan shi ne abin da Galileo ya bayyana shekara ɗari huɗu da suka wuce: tafiyar gaba daban, faɗuwa daban, kowace na bin ƙa'idarta.

Ku ɗauko biro. Harsashin gasa yana fita da gudun kusan mita 325 a daƙiƙa, kuma iska na rage masa gudu a hanya. Yana kai mita 100, wato kamar tsawon filin ƙwallo, cikin kusan daƙiƙa 0.33. Ƙa'idar da kuka haddace ita ce s = ½gt². Mu ɗauki g a matsayin 10 yadda ake yi a jarrabawar WAEC. Rabin 10 shi ne 5, a ninka da 0.33 sau 0.33, an sami kusan mita 0.54. Wato a tsawon filin ƙwallo ɗaya harsashin ya faɗi fiye da rabin mita.

To, a mita 200 fa? Mai gaggawa zai ce ninki biyu, mita ɗaya da 'yan kai. A nan tarkon yake. Lokacin tafiyar ya kai kusan daƙiƙa 0.7, kuma t ɗin nan ana ninka shi da kansa ne. Biyar sau 0.49 ya ba da mita 2.45. A mita 300 tafiyar na cin kusan daƙiƙa 1.1, lissafi ya ba da mita 6 da ɗan ɗori. A zahiri abin yana ɗan gaza haka kaɗan, domin iska na tare faɗuwar ita ma, amma bai sauya labarin ba. Nisa ya ninka uku, faɗuwa ta ninka fiye da goma. Mai son samun faranti a mita 300, bakin bindigarsa yana kallon wani wuri ne da ya kai tsayin bene sama da farantin. Harsashin lanƙwasa yake yi a sararin sama kamar ƙwallon da gola ya buga, sannan ya gangaro.

Wannan ne ma sirrin farin jinin gasar. Da babbar bindiga sai an je mita 800 ko 1,000 kafin a gamu da irin wannan wahala, kuma filin da zai ɗauki haka ba ko'ina ake samunsa ba. Ɗan ƙaramin harsashi kuwa, saboda rashin gudunsa da rashin nauyinsa, yana kawo wahalar duka cikin mita 300.

Yaya ake gyara saiti? Madubin da ke kan bindigar yana da maballi a sama da a gefe, kuma ana auna juyinsu da kusurwa, ba da santimita ba. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne miliradiyan, kashi ɗaya cikin dubu na radiyan ɗin da kuka gamu da shi a darasin da'ira. Ku tuna s = rθ. A nisan mita 100, miliradiyan ɗaya ya zama santimita 10. A mita 200 ya zama 20, a 300 ya zama 30. Idan ɗan wasa ya ga harsashinsa ya tayar da ƙura santimita 40 ƙasa da faranti a mita 200, nan take zai raba 40 da 20, ya ɗaga miliradiyan biyu. Yana wannan rabawar ne a durƙushe kan gwiwa ɗaya, agogo na gudu, alƙali na jira. Wanda ya tsani lissafin ka, a nan zai gane kurensa.

Kowane ɗan wasa na da ɗan littafi, ko manhaja a waya, inda ya rubuta yadda harsashinsa ke faɗuwa a kowane nisa. Littafin ma ba ya zama daram, domin iska mai zafi ta fi mai sanyi sakwarkwacewa, harsashi ya fi ratsa ta cikin sauƙi. Lissafin da ya yi daidai da sanyin safiyar Janairu ba zai yi daidai da azahar ɗin Afrilu ba. Af, ga wani abu ga masu son kwamfuta: ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko a duniya, wadda aka nuna wa jama'a a Jami'ar Pennsylvania a 1946, an gina ta ne don ta yi irin wannan lissafi na tafiyar harsasan igwa, saboda yana cinye wa mutane sa'o'i da yawa da hannu. Wayar da ke aljihun yayanku jikanyar wannan tambaya ce.

Katantanwa da gudun sauti

Abu biyu ke hana harsashi wuntsilawa a hanya. Na farko, cikin bututun bindigar ba sumul yake ba, an yi masa zane a murɗe, yadda harsashi ke yin juyi ɗaya a kowane santimita 40 na tafiya. Raba mita 325 da 0.4, za ka ga yana juyawa kusan sau 800 a daƙiƙa guda. Duk wanda ya taɓa murza katantanwa a kan rairayi ya san dalili: muddin tana juyi da ƙarfi tana tsaye cak, da juyin ya yi sanyi sai ta fara layi ta kife.

Na biyu ya fi ban mamaki. 'Yan gasa suna zaɓen harsashi mai ƙarancin gudu da gangan. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa a yanayi matsakaici. Harsashin da ya fita da gudun da ya ɗara haka, yana cikin tafiya zai rage gudu ya ratso ta iyakar gudun sauti, kuma a daidai wannan gaɓa iskar da ke kewaye da shi tana hargitsewa ta girgiza shi. Wanda tun farko bai kai gudun sauti ba ya tsira daga wannan girgiza. Gudun sautin ma yana bin zafi, ƙa'idar tana cikin littafinku: 331 a tara da 0.6 sau ma'aunin zafi. A Gusau, ranar da zafi ya kai 40, sauti na gudun mita 355 a daƙiƙa. Da asubar hunturu mai ma'auni 15 kuwa, 340 ne.

Iska, wadda ba ta da littafi

Faɗuwa ana iya rubuta ta a haddace. Iska kuwa sai dai a karanta ta a lokacin. Iskar da ke kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa, irin wadda za ta ɗaga gefen hijabi ta motsa ƙananan rassa, tana ture wannan harsashi kusan santimita 10 a mita 100. A mita 200 turin ya kusa santimita 40, a 300 ya haura 80. Farantin kuma faɗinsa bai fi santimita 20 ko 30 ba. Kuskure kaɗan wajen ƙiyasin iska, an wuce shi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, iskar da ke kan fuskarka ba lallai ita ce a tsakiyar fili ba. Mutanen Kwatarkwashi ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Wanda ya tashi a gindin dutsen ya san yadda iskar hunturu ke zuwa daga arewa maso gabas, ta daki dutse, ta kewayo ta wata fuska daban, a wani lungu ta yi tsit, a wani ta tayar da 'yar guguwa. Ɗan gasa yana kallon ciyawa a nisa uku ko huɗu, yana kallon ƙura, yana kallon kawalwainiyar da ke rawa a cikin madubinsa, domin ita ma tana karkata inda iska ta nufa. Daga nan ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ya kuskure, sai ya lura da inda ƙura ta tashi ya gyara na gaba. Sabon shiga yakan ɗaga kai da sauri don ya ga sakamako, sai ya rasa ganin ƙurar, ya sake maimaita kuskuren har harsashinsa ya ƙare.

A ganina wannan ilimi ba na Turawa ba ne su kaɗai. Tarihin baka ya danganta kafuwar Kwatarkwashi da maharba, kuma maharbin da ke da kwari da baka ya san duk wannan a jikinsa, ko da bai taɓa jin sunan Galileo ba. Ya san in nama ya yi nisa sai ya ɗaga bara sama da shi. Ya san ya ɗebi ƙura ya sake ta don ya ga inda iska ta dosa, saboda kibiyarsa da kuma saboda kada dabba ta shaƙi warinsa. Ko yaron da ke harbin mangwaro da danƙo yana lissafin lanƙwasa, bai dai san sunanta ba. Bambancin kawai, ɗan gasa ya mayar da abin lambobi ya rubuta, don haka yana iya koya wa wani cikin wata guda abin da maharbi ya shekara goma yana tarawa.

Sai jikin mutum kansa. Madubin da ke kusanto da abu sau goma sha biyar yana kuma nuna rawar hannu sau goma sha biyar. Sabon shiga zai ga saitinsa na tsalle daidai da bugun zuciyarsa. Ana koya masa ya jingina da ƙashi maimakon tsoka, ya saki numfashi ya dakata kaɗan, ya matsa kunama a hankali ba fizga ba. Mai fushi, mai rawar kai, mai son a gan shi, duk ba sa kai labari.

'Yar sakandare da ta ci zinare

A wasannin Olamfik, inda harbi ke ciki tun na farko a Atina a 1896, da wannan harsashi na .22 ake gasar mita 50, a durƙushe, a kwance da a tsaye. Da'irar maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Akwai kuma gasar mita 10 da bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi sam, inda maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, kamar aya a ƙarshen wannan jimla.

A wannan gasa ta mita 10 ce, a wasannin Paris na 2024, wata ɗalibar sakandare 'yar Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, mai shekara 16, ta yi kunnen doki da Huang Yuting ta ƙasar Sin, kowace da maki 251.8. Aka ba su harbi ɗai-ɗai na raba gardama. Ban ta sami 10.4, Huang ta sami 10.3. Da wannan ɗigo ɗaya aka raba zinare da azurfa. Shekara uku kacal da fara wasan ta yi wannan, kuma sa'ar 'yan SS2 ɗinmu ce. 'Yan mata, ku lura: wasa ne da ƙarfin damtse ba ya saye.

Wani abin da 'yan wasan ke kiyayewa zai taɓa zuciyar duk Bazamfare. Harsashin dalma ne, don haka ba a ci ba a sha a layin harbi, kuma ana wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci. Mu da muka rasa yara kusan 400 a 2010 sanadin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mun san wannan ba tsirfa ba ce.

Me doka ta ce a nan gida?

A nan sai a yi magana ba kwana-kwana. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na yaƙi, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, irin bindigar farauta da ta wasa, waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma har bindigar iska tana cikin wannan rukuni. Sai irin su bindigar toka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, kuma riƙe bindiga ba izini laifi ne na ɗaurin shekaru. Ko a watan Yunin 2022, da gwamnatin Zamfara ta lokacin ta ce jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kai, Babban Hafsan Tsaro na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni.

Saboda haka duk wanda ya ce maka zo bayan gari in koya maka harbi, ba wasa yake gayyatarka ba, ko da ya kira shi wasa. Gasa ta gaskiya tana da fili mai tudun tare harsashi, da alƙali, da rajista, da izinin hukuma. Kayan ma ba na ɗalibi ba ne: bindigar gasa da madubinta, ko masu sauƙin kuɗin, sun kai kuɗin sabon babur.

Wanda abin ya shiga ransa yana da ƙofofi na halal. Harbin kibiya wasa ne na Olamfik, ana yin sa daga mita 70, da'irar tsakiya santimita 12.2, kuma lanƙwasa da iskar da muka yi ta magana a kansu duk suna nan, sun ma fi fitowa fili. Abin takaici ne a ce jikokin maharba sun bar wa Koriya ta Kudu wannan fage, alhali malamin wasanni da ya samu goyon bayan shugaban makaranta zai iya fara kulob da kaya kaɗan. Masu sha'awar aikin ɗamara kuwa, akwai NDA a Kaduna da Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, inda ake koyon harbi a ƙarƙashin doka da horo, kuma dukansu sai da kiredit a Lissafi da Turanci ake shiga. Akwai masana binciken laifuka da ke duba zanen da bututu ya bari a jikin harsashi su gano bindigar da ta harba shi, aikin da jiha irin tamu ke matuƙar buƙata. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, nan kan hanyar Zariya kusa da ku, tana da sashen Fiziks.

Kafin nan, ga gwajin da za ku iya yi gobe a aji ba tare da kashe ko sisi ba. Ku sami marafan kwalbar lemo guda biyu da rula. Ku ɗora rular a bakin tebur, kanta ɗaya ya ɗan leƙo waje. Ku ɗora marfi ɗaya a kan ɓangaren da ya leƙo, ɗayan kuma a kan tebur, a bakin gaɓa, jingine da gefen rular. Ku danne tsakiyar rular da yatsa, ku ɗalle kan da ya leƙo da sauri ta gefe, yadda rular za ta zame daga ƙarƙashin marfin farko ya faɗi tsaye, ɗaya kan kuma ya tunkuɗe na biyu ya yi tsalle can nesa. Kowa ya yi shiru ya saurara. Ƙara ɗaya za ku ji ko biyu? Ku sake, wannan karon da ƙarfi sosai, marfin ya kai bakin ƙofa. Sannan ku auna tsayin teburin, ku sa shi a s = ½gt² ku fitar da t, ku auna nisan da marfin ya sauka, ku raba da t ɗin. Abin da ya fito shi ne gudun da marfinku ya bar tebur da shi, a mita cikin daƙiƙa. Ku rubuta na kowa a allo a ga wanda ya fi, sannan ku lissafa sau nawa 325 ya ninka shi.